Tafintan Uba da Ɗa a Hanyar Asosa

A da, idan mutum ya fita dabam da sauran jama'a a ƙauyenmu, hanya biyu ce a gabansa. In danginsa masu ƙarfi ne sai a ce waliyyi ne, a riƙa kai masa jarirai yana tofa musu addu'a. In ba su da ƙarfi sai a ce aljanu ne, a ɗora shi a bayan mota zuwa masid, wato zangon shehi inda ake ajiye masu taɓin hankali, a sa masa mari a ƙafa, a hana shi nama da mai har ya daina gardama. Yanzu an sami ta uku, kuma tun da muka dawo daga Habasha abokaina na diwan, zauren hirarmu, ba su bar ni na sha jabana, wato kofinmu, cikin natsuwa ba. Kowa tambayarsa ɗaya: me matar nan ta yi muku? Na gaji da maimaitawa, ga shi duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa, har labari ya dawo mini wai lantarki aka jona wa yaron. Shi ya sa na zauna na rubuta. Na nemi izinin Tukur tukuna. Ya ce in rubuta, amma kada in yi ƙarya, ko da ta ladabi ce.

Tukur ɗan ƙanena ne Malam Habu, kuma ɗan farinsa, ya haura talatin. Tun yana ƙarami ba ya kallon mutum a ido, ƙara tana shigar masa kai kamar allura, kuma in ka ce masa ina kwana, to ka shirya jin yadda ya kwana ɗin. Wurin zamansa kusa da uwarsa ne, gefen kaskon kisra, wainar dawar nan tamu mai faɗi, ba cikin maza ba. Zanen lallensa kuwa babu amaryar da ba ta so, sai dai iyayen amare ta ƙofar baya suke aiko masa, washegari kuma ka ji mazajensu a bakin masallaci suna jimamin yadda zamani ya lalace. Ya ƙi aure, ya kuma faɗi dalili da aka tambaye shi, domin bai san ana tambaya don kada a amsa ba. Yana da aboki a Sinnar, wani tela mai suna Jibrin. Wanda ya fahimta ya fahimta.

Shi kuma Malam Habu, jinin Sakkwato ne na sosai. Kakanninmu sun baro can da abubuwa da yawa, sun yar da wasu a hanya, amma kunyar ɗan fari ta iso bakin Nilu lafiya ƙalau. Bai taɓa kiran sunan Tukur ba, bai taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Sai dai ya dube ni ya ce, "Alhaji, ka ce wa mutumin naka ya rufe ƙofa," alhali mutumin nawa yana tsaye a jikin ƙofar. Na yi tafinta a Jidda tsakanin alhazai da masu gidajen haya, na yi a Injamena, na yi a kasuwar Omdurman, ina jin Larabci da Fillanci da ɗan Turanci da Amharancin sayen albasa. Amma aikin da na fi daɗewa a kansa shi ne fassara Hausa zuwa Hausa a gidan ƙanena.

Abin da ya tayar da tafiyar, biki aka yi a maƙwabta, aka kafa lasifika a jikin katangarmu. Tukur ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin angarib, gadon igiyar nan namu, yana kaɗa jiki, baƙi suna leƙe. A makon ne kuma wani mai kai tumatir Sinnar ya dawo da zancen Jibrin. Dangi suka taru, aka yanke cewa bayan girbin dawa za a kai shi masid. Ni na taɓa shiga masid ziyara, na ga ƙafafun da mari ya ci. Sai na kawo zancen wata Ustaza Ihsan, 'yar Rufa'a, wadda ta yi karatu a ƙasashen sanyi, take aiki a Asosa cikin Habasha tare da masu kula da 'yan gudun hijira. An ce mini aikinta sauraro. Malam Habu ya yarda saboda dalili guda: wurin da nisa, ba wanda zai sani. Ya kuma kafa sharaɗi, in ba ta gyara shi ba, daga dawowa sai masid.

Ba wanda zai sani ɗin nan, kafin mu hau jirgin fito a Rufa'a mai karɓar tikiti ya yi mana addu'ar Allah ya ba yaro lafiya.

Lokacin an yi sulhu da kudancin ƙasar, hanyar Kurmuk a buɗe take, ga kuma dangi a kowane zango. A motar Sinnar direba ya saki waƙa har gilashi yana rawa. Tukur ya naɗe kansa da rawanina. Malam Habu ya ce in ce wa mutumin nawa ya daina ba mu kunya. Na juya na isar. Tukur ya ce in ce wa Baba ba shi ya kunna ba. Na juya na isar. Wata Balarabiya da ke bayanmu ta taɓa ni ta tambaya cikin tausayi, wanne ne kurman a cikinsu.

A Sinnar muka sauka gidan wani ɗan ƙanen mahaifinmu. Kafin a kawo ruwa an kawo magani. Maigidan ya ce rubutu, matarsa ta ce turaren zar, wato borin ƙasar nan, surukinsa da ya yi shekara biyu a Madani yana sayar da magunguna ya ce ƙarancin jini ne. Wani tsoho ya ce a yi masa aure kawai, shi haka aka yi masa. Na dubi tsohon, na tuna matansa uku da suka gudu. Duk wannan a gaban Tukur ake yi, yana zaune yana jera ƙwallayen dabino a gefen tabarma, ba wanda ya tambaye shi ko da yana jin yunwa.

Da safe a tasha sai ga Jibrin. Mutum ne siriri mai sanyin murya, allura soke a wuyan rigarsa. Ya gaishe mu har ƙasa, ya miƙa wa Tukur ƙunshin guzuri, kowane abu a ledarsa dabam, domin ya san Tukur ba ya cin abincin da ya taɓa wani abincin. Ya kuma ɗinko masa wata hula mai auduga a wajen kunnuwa. Malam Habu ya sami wani tallan sabulu a bango ya karanta shi tun daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama. Da mota ta tashi ya ce in tambayi mutumin nawa ko wane ne wancan. Na ce masa wannan kam ba sai na fassara ba.

Damazin gari ne na tarakta da ma'aikata, kowa yana sauri kamar an aike shi. Hausawan can sun fi mu jin Larabci, yaransu in ka yi musu Hausa sai su amsa da kwayyis. Muka kwana biyu a wata lokanda, masaukin haya, muna jiran mota, gadaje a jere a tsakar gida, kowane gado da nasa kuɗin cizo. Mai lokandar ya tambayi Tukur yadda ya ga wurin. Tukur ya gaya masa. Daga ranar ba a ƙara kawo mana shayi da zafi ba.

Hanyar Kurmuk ba hanya ba ce, ra'ayin direba ne. Muka hau bayan wata babbar mota cikin baƙar laka da ta bushe ta tsattsage, sojoji suna tsayar da mu suna leƙa buhuna. Iyakar kanta wani rafi ne da ya raba gari biyu masu suna ɗaya, awaki suna ƙetarawa ba fasfo. A ɓangaren Habasha wani jami'i matashi ya karɓi takardunmu, yana jin Larabci kamar yawancin mutanen wajen. Ya tambayi Tukur dalilin tafiya. Tukur ya ce danginsa suna ganin mahaukaci ne, za a je a duba. Jami'in ya ɗaga kai. Ya nuna Tukur ya tambayi Malam Habu ko wane ne wannan a wurinsa, kuma mene ne sunansa.

Malam Habu ya ce a tambayi yayansa.

Jami'in ya ce shi ya tambaya. Malam Habu ya ce ai sunan yana cikin takarda. Jami'in ya rufe takardar ya ɗora hannu a kai. Nan fa aka tsaya. A idon hukuma, ga dattijo ya ɗauko wani mutum da ake cewa ba shi da lafiya, zai fita da shi ƙasa, bai kuma san sunansa ba. Aka zaunar da mu a gindin bishiya har rana ta karkata. Na zuba Larabci, na zuba Turanci, na kwance Amharancina na albasa, na bayyana cewa a wurinmu uba mai mutunci ba ya furta sunan ɗan fari. Jami'in ya ce a wurinsu wanda bai san sunan ɗansa ba maye ya yi. Abin da ya cece mu wata tsohuwa ce mai sayar da shayi, wadda ta taɓa zama da Fulani. Ta ce masa gaskiya ne, haka suke, har mazajensu matan ba sa kira. Ya buga hatimi yana girgiza kai, ya ce da Tukur Allah ya ba shi haƙuri da mu.

Asosa tudu ce, da sanyi da jar ƙasa da mangwaro. Abincinsu injera, 'yar'uwar kisrarmu ce da ta yi ƙiba ta yi tsami. A kanta ake zuba komai, miya kusa da miya, kowace tana kutsawa cikin 'yar'uwarta, ga shi in suna son ka sai su ɗebo da hannunsu su sa maka a baki. Mai masaukinmu ya gwada yi wa Tukur wannan karamci, Tukur ya tashi ya koma ɗaki. Ya gwada yi wa Malam Habu, Malam Habu ya karɓa don kunya, ya yini yana istigfari. Kofinsu kuwa ban ga na biyunsa ba, sai dai a gaya maka za a sha kofi ka ɗauka abin minti kaɗan ne, ashe an gama da yininka.

Ofishin Ustaza Ihsan ɗaki ne a bayan wani gida. Na sa babbar riga, na shirya jawabi tun daga hijirar kakanninmu. Muka tarar ba tebur, ba farar riga, ba allura, kujeru kawai da labule da ya rage hasken rana. Malam Habu ya raɗa mini cewa an cuce mu. Ita kuma mace ce mai matsakaicin shekaru, tana sanye da tob fari, lulluɓin matanmu, irin na malaman makaranta. Ta gaishe mu, sannan ta juya ga Tukur ta tambaye shi da wane suna yake so a kira shi, ko hasken ya yi masa yawa, kuma wa yake so ya zauna a ɗakin. Na buɗe baki in amsa, kamar yadda aka saba. Ta ɗaga mini hannu cikin ladabi. Ni da na yi magana a gaban hakimai, yau 'yar Rufa'a ta ajiye ni kamar buta.

Ba zan ɓoye ba, tana da nata. Akwai kalmomin da ta kwaso daga ƙasashen sanyi waɗanda ko a Larabcin ba su zauna daidai ba. Ta ce ƙwaƙwalwa iri-iri ce kamar yadda ƙasar noma take iri-iri, ta Tukur ba lalatacciya ba ce, nata tsarin dabam ne. Ta yi maganar adalci, ta ce sau da yawa ba mutum ne ke buƙatar gyara ba, garin ne. Na ce mata garin namu ba zai shiga wannan ɗakin ba, ko an fitar da kujerun. Ta yi dariya ta ce to a fara da wanda ya zo.

Ba a jima ba ta lura da aikina. Malam Habu ya yi magana, na juya na gaya wa Tukur, Tukur ya amsa, na juya na gaya wa Malam Habu. Ta tambaye ni daga wane harshe nake fassarawa zuwa wanne. Na ce daga Hausa zuwa Hausa, wani lokaci daga Larabci zuwa Larabci. Na yi mata bayanin da na yi wa jami'in iyaka, ina jiran ta girgiza kai ita ma. Ba ta girgiza ba. Ta tambaya ko ina isar da komai yadda aka faɗa. Tukur ya riga ni, ya ce a'a, Baffa yana rage na Baba ya ƙara wa nawa sukari.

Malam Habu bai zo wasa ba. A zama na biyu ya tambaye ta kai tsaye ko za ta iya cire wa yaron abin nan na ƙin mata. Ta ce ba ta da maganinsa, domin ba ta ga ciwo ba, kuma duk wanda ya ce masa yana da shi zai karɓi ɗansa ya mayar masa da wani abu da ya karye. Ta ce ita ba malamar addini ba ce, ba ta ba da fatawa, wannan tsakaninsa da malamansa da Ubangijinsa. Abin da ta sani shi ne mutane irin Tukur da aka ɗaure, wasu ba su ƙara magana ba, wasu kuma ba su ƙara kwana a duniya da son ransu ba. Malam Habu ya tashi ya fita. Na same shi a waje yana cewa mun sha laka a banza, gara masid, can aƙalla akwai abin da ake yi wa mutum.

Amma ya koma, domin mota ba ta tashi sai ranar kasuwa. A zama na gaba ta roƙe ni in jira a waje. Kafin in fita na ga ta juya kujeru biyu, ta jera su kafaɗa da kafaɗa suna fuskantar taga. Ta ce ta lura ɗaya ba ya iya kallon ido, ɗaya kuma bai yarda ya kalla ba, to kowa ya kalli mangwaro. A bakin ƙofa na zauna ina tunanin abin. Shekara da shekaru muna cewa rashin kallon idon Tukur alamar aljanu ce, na ubansa kuwa muna kiransa tarbiyya.

Ban ji abin da aka faɗa a ciki ba, kuma masu cewa na manna kunne a ƙofa su ji tsoron Allah, ƙofar tana da kauri. Na dai ji muryar Tukur ta daɗe tana tafiya, abin da ban taɓa ji ba in ba zancen lalle yake ba. Da suka fito idon Malam Habu ya yi ja, ya ce ƙurar garin nan ba ta da kyau. An yi ruwa da safen.

Ranar da za mu taho Ustaza ta gaya mana a gaban juna cewa ta sanar da Tukur haƙƙinsa: shi baligi ne, in yana tsoron abin da ke jiransa a gida, akwai hanyar da zai zauna a nan, za ta taimaka masa. Tukur ya ce zai raka mu iyaka ya gani.

A bakin rafin nan muka sauka. Ni da Malam Habu muka tattare riguna muka ƙetara. Da muka juya, Tukur yana can tsaye a ɓangaren Habasha da jakarsa, hular Jibrin a kansa. Motar Damazin tana ta hon. Malam Habu ya dube ni ya ce, "Alhaji, ka ce mishi ya taho."

Na buɗe baki, sai Tukur ya ɗaga murya daga can. "Baffa, kada ka isar. In kai ka faɗa ban san nawa ne nashi ba."

Na rufe bakina. Mai shayin nan ta bar tukunyarta ta matso, jami'in ma ya fito daga rumfarsa. Malam Habu ya dubi ruwa, ya dubi awaki, ya gyara rawani. Sannan ya juya gefe, yana fuskantar wani dutse, ya yi magana da ƙarfi yadda za a ji a ƙasa biyu.

"Kai. Taho mu tafi gida. Ba mai kai ka masid ina raye."

Tukur bai motsa ba. Ya ce, "Jibrin fa?"

Direba ya sake danna hon. Na dubi ƙanena, na ce a raina shi ke nan, a nan za mu bar yaron. Can ya ce wa dutsen, "Ni ban taɓa hana tela shiga gidana ba. Mutane suna buƙatar riguna."

Tukur ya tsaya yana auna maganar, domin shi ba ya karɓar zance sai ya duba ko'ina. Sannan ya cire takalmansa ya shigo ruwa.

Da muka iso gida dangi suka taru jin sakamako. Aka tambaya ko ya warke. Malam Habu ya ce likitar ta duba ba ta sami abin warkarwa ba, kuma zancen masid ya mutu, wanda yake da sha'awar wurin ya je da kansa. Wani ƙanen uwar Tukur ya fara cewa ai mutane za su yi magana. Malam Habu ya ce sun yi ta ai, tun daga jirgin fito.

Kada wani ya ɗauka gari ya gyaru. Masu magana suna nan suna yi, wasu sun daina gaishe da ƙanena, limaminmu ya yi huɗuba biyu da kowa ya san inda suka dosa. Malam Habu kansa bai ce ya yarda da komai ba, har yau bai kira sunan ba, kuma in Jibrin ya zo daga Sinnar da tef ɗin awonsa, sai ya tuna yana da aiki a gona. Tukur yana nan yadda yake. In za a kafa lasifika a unguwa, yanzu ana aiko masa tun da wuri ya tafi bakin kogi.

Ni dai na rasa aikina. Da la'asar za ka gan su a kan dakali ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, suna kallon garken awaki suna magana, ba mai neman Alhaji. Kuma tun daga shekarar ba a ƙara ɗaukar kowa daga zuriyarmu an kai shi mari ba. In mutum ya fita dabam, kafin dangi su taru a kansa, sai an fara tambayarsa.